Benen da Salie Ya Gina wa Gouwa

A Ocean View, in baƙo ya tambayi gidan Boeta Salie kafinta, ba lamba ake ba shi ba. Cewa ake yi ya gangara ta bayan makaranta, zai ga gidan da aka kifa. Ɗakunan kwana a ƙasa, kicin da falo a sama, da wata ƙatuwar taga guda mai kallon yamma. Shekara shida Salie Karriem ya yi yana gina saman nan, Asabar bayan Asabar, kuma duk unguwar ta san saboda matarsa Gouwa ya yi shi.

Ba a Ocean View aka haife shi ba, babu ma sa'ansa da aka haifa a nan. A Simon's Town ya zo duniya, can bayan dutse, a 1941. Mahaifinsa tela ne mai ɗinka wa sojojin ruwa kaki, amma Salie ba shi da haƙurin allura, don haka yana ɗan shekara goma sha huɗu aka kai shi wajen wani tsoho mai gyaran kwale-kwale a bakin ruwa. A can ya koyi zarto da guduma, a can kuma ya ɗauki ɗabi'ar da bai rabu da ita ba har ya mutu: duk abin da ya gani sai ya auna shi da taƙi, ko ƙofar masallaci ce, ko teburin gidan da aka kira shi cin abinci. Magana kuwa ba ta dame shi ba. Yakan wuni bai furta kalma ashirin ba.

Gouwa 'yar Boeta Dol mai hange ce. Boeta a bakinsu kamar a ce yaya ne, kiran girmamawa. Masu jan taru ba sa tura kwale-kwale ruwa sai mai hange ya ba su alama. Tun asuba yana zaune a wata bukkar duwatsu a saman tsauni, idonsa a kan ruwa. In garken kifi ya shigo, wajen yakan yi duhu kamar inuwar gajimare, sai ya busa usur ya kaɗa tuta. Gouwa ke kai masa abinci tun tana 'yar shekara bakwai, kuma kafin ta kai goma sha biyar ta fi shi ido. Takan raba inuwar gajimare da garken kifi, har ta faɗi irin kifin.

Wata rana Salie na durƙushe yana toshe wani kwale-kwale, ta sauko daga tsauni da kwanon abinci a hannu, ta tsaya a kansa.

"Ka ɗan yi sauri, Boeta. Kafin la'asar za a nemi jirgin nan."

"In ji wa?"

"Dubi can, gefen dutsen da tsuntsaye ke sauka. Ko ku kafintoci katako kaɗai kuke gani?"

Ya duba, bai ga komai ba sai ruwa. Ana kiran la'asar usur ya tashi daga saman tsauni, masunta suka zo da gudu suka janye kwale-kwalen daga hannunsa, ƙusa biyu ba a buga ba.

Sun yi aure a 1964, suka zauna a gidan mahaifinta, a wani lungu mai matakalar duwatsu, da baure a bakin ƙofa. Daga dakalin gidan ana ganin ruwa tun daga tashar jirage har duwatsun da ke can ƙetare, inda rana ke ɓullowa. Gouwa ba ta ɗora tukunya da safe sai ta fita dakali ta dubi ruwan, ta faɗa wa Salie yadda ranar za ta kasance, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.

Takardar ta zo a 1967. Gwamnati ta ce garin na farar fata ne kaɗai, kowa ya tattara. Shekara na zagayowa motar kaya ta tsaya a ƙasan matakalar. Salie ya kwance gadon da ya haɗa da hannunsa, ya sauko da shi katako-katako. Gouwa ta rungumi 'yarsu Rashieda, wadda ko yaye ba a daɗe da yi mata ba, ta shiga gaban motar, ba ta waiwaya ba. Boeta Dol ya zauna a baya a kan katifa, usur ɗinsa rataye a wuya. Wata takwas ya yi a sabuwar unguwar ya rasu. Ba wani ciwo aka gani ba, kawai dai ya daina fitowa waje.

Gidan da aka ba su ɗaki biyu ne a cikin kwari, ƙofarsa na kallon bayan wani dogon ginin haya. An sa wa unguwar suna mai nufin kallon teku, mutane suka mai da shi abin ba'a. In an haɗu a famfo sai wani ya ce, "Ka ga tekun yau?" a ce masa, "Na gani, ga shi nan a bokitina."

Gouwa ba ta shiga wannan ba'ar ba, ba ta kuma yi ƙorafi ba. Ta ɗinka labule masu kauri ta rufe tagogin. Ta kama suyar kusista, wani irin fanke, duk safiyar Lahadi, ta tsoma a ruwan sukari ta barbaɗa kwakwa, yara su yi layi da kwanuka a ƙofarta. Da Salla, mutane kan cika motoci su tsallaka dutse su yi Idi a tsohon masallacinsu, wanda shi ba a rushe ba. Ita ko sau ɗaya ba ta je ba. In an matsa mata sai ta ce, "Na yi sallama da garin nan sau ɗaya, ba zan maimaita ba."

Salie kuwa, tun da babu kwale-kwale a cikin yashi, ya koma bin 'yan kwangilar gini, rufi da ƙofofi da tagogi. Abokin aikinsa Maanie magini ne, maƙwabcinsu ta yamma, shi ma ɗan bayan dutse, mutum mai surutun da ya ishe su su biyu. Haka shekaru suka yi ta tafiya. Rashieda ta girma ta zama ma'aikaciyar jinya, ta yi aure a layin baya. Mulkin wariya ya faɗi, aka yi zaɓe, amma ba wanda ya miƙa wa Gouwa mukullin gidan ubanta. An daɗe da rushe shi.

A farkon 1995 wani ɗan kwangila ya ɗebe su a bayan mota zuwa sabon aiki. Bai faɗi wurin ba, su ma ba su tambaya ba. Sai da motar ta bi gaɓar ruwa ta shiga Simon's Town, ta hau tudu, ta tsaya, sannan Salie ya ɗaga kai. An haɗe filin tsofaffin gidaje uku an baje shi wuri guda. Amma matakalar duwatsun na nan, da tsagar da ke jikin ta huɗu. Bauren ma na nan a kusurwa, ya ƙara kauri.

Maanie ya rage murya. "Salie, ai nan ne."

"Na gani."

"Mu ce wa mutumin nan ya mai da mu wani aikin. Ni zan yi masa magana."

"Sauke kaya, Maanie."

Mai zanen ginin wata matashiyar baturiya ce. Ta shimfiɗa takardarta a kan gaban mota tana nuna musu. Maanie ya leƙa, ya karkata kai.

"Madam, anya ba a kife kika riƙe takardar ba? Ɗakin barci a ƙasa, tukunya a sama?"

Ta yi dariya. Ta ce barci ai da ido a rufe ake yin sa, ko a rami ma za a iya. Inda mutum ke wuni idonsa a buɗe, yana girki, yana cin abinci, yana hira da baƙi, nan ya kamata a ɗaga sama a ba shi abin kallo. Sauran ma'aikata suka yi ta dariya. Salie bai yi ba. Ya daɗe yana bin zanen da yatsa. Maganar ta shige shi, kuma ya ji haushin kansa da ta shige shi a wannan filin.

Da ginin ya kai sama, shi aka ba aikin ɗaura babbar tagar falo. Ya tsaya a daidai saman inda dakalinsu yake a da, ruwan nan duka a shimfiɗe a gabansa, har ya fi yadda ya san shi faɗi. Wata safiya ya hangi wani duhu a ruwan, kusa da gaɓa, yana tafiya a hankali. Bai san lokacin da ya juya ya dubi saman tsauni ba, yana jiran usur. Ya daɗe a haka da guduma a hannu, har ɗan kwangilar ya yi masa magana daga ƙasa.

A gida ya ce wa Gouwa a wani garin daban, Fish Hoek, suke aiki. Ya roƙi Maanie ya kama bakinsa, kuma a karon farko a rayuwarsa Maanie ya kama. Wata biyar kullum tana zuba masa abinci a gwangwani, shi kuma ya zauna a gindin baurenta ya ci. Da 'ya'yan suka nuna, ya tsinki biyu ya sa a aljihu zai kai mata. Suna dab da shiga unguwa ya tuna tana ɗanɗanawa za ta gane. Ya jefar da su a gefen titi.

Hunturun shekarar da ta biyo baya, wanda a can shi ne lokacin ruwan sama, ya zo da iska mai ƙarfi, ta yaye kwano biyu daga rufin gidansu. Salie ya kafa tsani ya hau. Da ya gama bugawa sai ya miƙe tsaye a kan tsakiyar rufin don ya miƙe bayansa. Ta yamma, a saman rufin Maanie, tsakanin ƙarshen ginin hayar da kafaɗar tudu, ga teku nan. Ya miƙa hannu ya auna: taƙi uku. Da farin yashi a gindinsa. Shekara ashirin da takwas yana kwana a ƙarƙashin wannan kwanon bai sani ba.

A bayan tsohuwar kalanda ya yi zanen. Ya ajiye shi a kan tebur ranar Lahadi bayan an gama suya, Rashieda na nan ta zo taya uwarta wanke-wanke. Gouwa ta goge hannu ta duba.

"Kicin a sama," ta ce. "Wato in riƙa ɗaukar buhun fulawa da tukunyar gas ina hawa da su kamar biri."

"Ni zan ɗauka."

"Kai da bayanka ke ƙara in ka sunkuya ɗaura takalmi?"

"Akwai iska a sama. Hayaƙin suya ba zai zauna miki a ƙirji ba."

"Masu sayen kusista fa? Su ma su hau?"

"Zan sa miki kwando da igiya a taga."

Rashieda ta yi dariya har da riƙe ciki, ta kira shi da Boeya, yadda suke ce wa uba. "Boeya, wa ya koya maka wannan? Mutane za su ce tsufa ya fara."

Gouwa ba ta yi dariya ba. Ta dube shi sosai. "Salie, me ka gani a kan rufin nan?"

"Teku," ya ce. "Kaɗan ne. Amma teku ne."

Ta ɗauki tsummanta ta ce, "Gidanka ne," ta koma wajen kwanuka. Shi kuma ya ɗauki wannan a matsayin yarda.

Rashieda ce ta kai zanen aka sake shi da kyau, ta yi ta zirga-zirga a ofis har aka buga masa hatimi. Maanie ya haƙa gindin bango ya ƙara ginshiƙai, don tsohon ginin ba a yi shi don ɗaukar kaya a ka ba. Sauran kuwa duk Salie ya tsara su da Gouwa a ransa. Ya rufe bangon kudu ba taga ko ɗaya, saboda iskar rani da ke shigo da yashi. Ya sa banɗaki a sama don kada ta riƙa sauka alwala. Matakalar ya yi ta gajeru-gajeru, hawa goma sha takwas, da wurin hutawa a tsakiya mai ɗan benci, domin gwiwoyinta sun fara damunta. Wurin wanke kwanuka a gefen taga, kujerarta a gabanta. Tsayin tagar ne ya fi ba shi wahala. Ba ya so sai ta miƙe tsaye kafin ta ga ruwa. Wata rana tana zaune tana tsince shinkafa, ya zo ta bayanta yana auna daga ƙasa zuwa idonta da taƙi, ta make masa hannu.

"Likkafani kake auna mini?"

"Zauna daidai, kin sa na ɓata lissafi."

Da ragowar kayan aiki ya yi ginin, bulo goma yau, katako biyar wani satin, abin da 'yan kwangila suka yarda ya kwashe. Shi ya sa ya ɗauki shekaru. Masu wucewa kan ɗaga kai su ce, "Boeta Salie, hasumiya ce? In ka gama sai ka karɓi kiran salla." Maanie ne ke rama masa daga kan bango, "Ku dai ku tanadi wuya, kallon sama za ku yi ta yi." Duk tsawon lokacin Gouwa ba ta taka tsanin ba. Takan miƙa musu shayi daga ƙasa ta koma ciki.

An gama a 2003. Ranar wata Lahadi bayan la'asar, su biyu kaɗai a gidan, ya ce ta zo. Ta hau a hankali tana riƙe da ƙarfen gefe, ta zauna a bencin tsakiya ta huta, ta ƙarasa. Ya zaunar da ita a kujerar, ya yaye takardar da ya manna wa gilashin. Rana ta yi ƙasa, ta zuba wa ruwan ja, farin yashin na ƙyalli. Awonsa bai kuskure ba, tekun na daidai idonta. Ta daɗe tana kallo, hannuwanta a kan cinya.

"Allah ya saka maka da alheri, Salie," ta ce. "Ka sha aiki."

Aka hau da tukwane da murhu, aka rataya kwandon da igiya, yara suka yi ta murnar karɓar kusista daga sama. Amma ba a yi sati biyu ba ya lura kujerar ta karkata gefe. Bayan wani satin ta ba tagar baya. Yakan mai da ita daidai da safe, ya dawo da yamma ya tarar ta juya. Ran da ya hau ya same ta a tsaye tana zura labule a sanda, sai ya kasa haƙuri.

"Wannan fa?"

"Rana ke dukan idona."

"Da safe ma?"

Ta ajiye sandar, ta zauna. "Kada ka sa in faɗi abin da zai ɓata maka rai."

"Faɗi."

"Ba namu ba ne, Salie. Namu, daga bayansa rana ke fitowa. Wannan haɗiye ta yake yi. Na zauna kwana da kwanaki ina kallonsa, ban gane komai ba. Ban san inda zurfinsa yake ba, ban san abin da ke shiga cikinsa ba. Kamar an zaunar da ni gaban baƙo an ce mini ga ɗan'uwanki. Da can da ba na ganin komai, na fi samun sauƙi."

"Na san ba namu ba ne."

"To don me ka kashe kanka shekara shida?"

Nan ya faɗa mata. Yana tsaye, yana kallon ƙasa, ya faɗi aikin da ya ce na Fish Hoek ne, da filin da aka baje, da gidan da suka ɗora a kai, da tagar da ya ɗaura da hannunsa a saman dakalin ubanta. Ya ce tun ranar yake jin kamar ya ci wani abu shi kaɗai a ɓoye, bai san yadda zai biya ta ba sai ta wannan hanyar.

Ya zaci za ta ce ya gina wa waɗanda suka kore su gida. Ya shirya wa wannan. Ba ita ta faɗa ba.

"Bauren na nan?"

"Yana nan."

"Matakalar fa?"

"Tana nan. Da tsagarta."

Ta gyaɗa kai a hankali. "Wata biyar kana kallonsa kullum. Ka dawo ka wanke hannu, ka ci abincina, ka kwanta a gefena. Ko sau ɗaya ba ka ce mini, Gouwa, yau ruwan kore ne ba."

"Kin ce kin yi sallama da shi."

"Na ce ba zan je ba. Ban ce kada a ba ni labari ba."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma sake tayar da maganar ba. Sai dai ta koma kiransa Boeta Salie, kamar yadda masu sayen kusista ke kiransa. Abincinsa bai taɓa makara ba. Ya fi wata biyu yana shan shayinsa a ƙasa, a bakin gado, yana jin takunta a saman kansa.

Wata yamma ta kira shi daga sama da sunansa kawai. Ya hau. Ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "A cikin wata biyar ɗin nan, ba ka taɓa ganin kifi ya shigo ba?"

Ya ba ta labarin duhun da ya gani da safen nan. Ta tambayi wane wata ne, ta ina iska ke busowa, duhun a dunƙule yake ko a miƙe, da sauri yake tafiya ko a hankali. Ya amsa iya abin da ya tuna.

"Kifin nan mai rawayar wutsiya ne," ta ce. "Kuma babban garke. Ba wanda ya fita?"

"Ba kowa."

"Asara."

Daga ranar ya riƙa ba ta wata biyar ɗin kaɗan-kaɗan, duk abin da ya iya tonowa, shi da ba gwanin magana ba. Labulen bai sauka ba, amma takan zuge shi. Har ta fara lura da ƙananan jiragen da ke fita daga Kommetjie, ƙauyen masunta da ke gaɓar nan, tana cewa wancan mai shuɗin bai san aikinsa ba. Wani lokaci ta ce gobe iska za ta juya, ta juya, wani lokaci kuma ta ƙi. Shekara biyu suka samu a haka.

Sai ciwon zuciya ya kama ta, ƙafafunta suka kumbura. Bencin tsakiya ya daina isarta. Ya ce zai riƙa ɗaukarta, ta ce ba za a ga wannan abin kunyar a gidanta ba. Rashieda ta sauko da ƙaramin murhu, suyar Lahadi ta tsaya, saman ya yi shiru.

Gouwa da kanta ta ce a kai ta bayan dutse. Rashieda ta tuƙa su. Suka tsaya a ƙasan matakalar duwatsun, wadda ita ma ta fi ƙarfinta yanzu. Daga cikin mota ta hangi kan bauren ta saman katanga, da babbar tagar tana walƙiya. Salie ya ce bari ya je ya ƙwanƙwasa, wataƙila mutanen gidan su bari ta shiga. Ta riƙe masa hannun riga ta girgiza kai. Suka gangara bakin ruwa, ya buɗe mata ƙofar motar. Fararen jiragen shaƙatawa sun cika wurin da ake jan taru a da. Ta sa hannu ta kare ido, ta daɗe tana duba, daga tashar jirage har ƙetare.

"Me kika gani?" ya tambaye ta.

"Ruwa," ta ce. "Idon ya tafi, Salie." Ta gyara mayafinta. "Mu koma gida, ban sha maganin azahar ba."

Bai taɓa jin ta kira Ocean View gida ba sai ranar. Bai san ko daɗi zai ji ko baƙin ciki ba, ya rufe mata ƙofar kawai.

Ta rasu bayan Sallar azumi ta 2006, da hantsi, a ɗakin da ke ƙarƙashin tagar, yana zaune a gefenta.

Rashieda ta dawo gidan da mijinta da 'ya'yanta. Saman ya cika da hayaniyar yara da littattafan makaranta. Su a wajensu wannan shi ne teku, ba su san wani ba. Salie ya ajiye aiki, ya rage fita, masallaci kawai da gidan Maanie, har shi ma Maanie ya riga shi rasuwa.

Salie na da shekara saba'in lokacin da Faiek ɗan Maanie ya shigo, ya durƙusa ya gaishe shi, yana ta murza hula a hannu. Ya ce su bakwai ne a ɗaki biyu, da shi da matarsa da yara huɗu da mahaifiyarsa. Yana so ya ɗora bene irin wannan, falo a sama, in Boeta Salie zai zana masa. Ya ce tsohuwar na yawan maganar ruwa kwanan nan.

Salie ya je ya auna gidan. Tun kafin ya gama ya san abin da ginin zai tare. Rashieda ma ta gane da ta ga zanen a kan tebur.

"Boeya, wannan ai gaban tagarmu zai tsaya. Shekara shida ka yi."

"Na sassauto da rufin, na ja shi gefe. Za a bar mana taƙi ɗaya."

"Taƙi ɗaya. Ka ce masa ya nemi wani mai zanen mana."

"Wani ba zai bar mana ko ɗayan ba. Kuma ubansa ne ya ɗora kowane bulo na gidan nan."

Da kansa ya yi musu matakalar, yana aiki yana hutawa, wata uku. Ran da aka gama, Faiek da matarsa suka riƙe tsohuwar hagu da dama suka hau da ita, jikoki na biye suna tafi. Aka ce Boeta Salie ya hau a sha shayi. Ya ce bayansa ba zai bari ba. Ya tsaya a ƙasa yana tattara zarto da guduma cikin jaka, yana jin muryoyinsu a sama. Da tsohuwar ta sauko tana yi masa godiya tana share ido, ya amsa, ya yi mata fatan alheri, bai tambaye ta abin da ta gani ba.

Wannan ne aikinsa na ƙarshe. Ya ba Faiek jakar kayan aikin a ranar. Ya rasu a 2019, wata Alhamis, bayan ya dawo daga sallar azahar ya ce bari ya ɗan kishingiɗa. Mutanen da suka raka shi sun cika layin har bayan makaranta.